Filin Tambayoyin Masu Karatu: Sauya Girman Taya da Hidimar Ƙaramar Motar Hannu

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan wata daga jihar Kebbi suka fito, kuma kusan duk matsalarsu ɗaya ce: mutum ya tara kuɗi ya sayi ƙaramar motar hannu, bai gama murna ba masu ba da shawara sun yi masa caa. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Jega. Kwanan nan na sayi Toyota Yaris ƙirar 2003, 'yar Beljiyam, tayoyinta 175/65 R14. Ina yawan zirga-zirga tsakanin Jega da Birnin Kebbi, wani lokaci kuma ina shiga ƙauyenmu ta hanyar da ba kwalta, inda cikin motar kan taɓa ƙasa. Wani mai sayar da taya ya ce in sayi rim 15 in ɗora 195/65 R15, wai motar za ta tashi sama kuma za ta fi kyau. Shin akwai illa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin hawa, ya tsare hanya. Shawarata ita ce kada ka sa wannan girman, amma tunda kai malami ne ba za ka karɓi hukunci babu hujja ba, don haka bari mu bi lissafin tare.

Lambar 175 faɗin tayar ne da milimita. Lambar 65 kuwa tsayin gefenta ne, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, sai dai ba da milimita aka rubuta shi ba, kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, wanda ya kama milimita 113.75. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren cikin tayar, shi kuwa 14 faɗin rim ne da inci, milimita 355.6 ke nan. Idan ka haɗa gefen sama da gefen ƙasa da rim, tsayin tayarka gaba ɗaya milimita 583 ne. Idan ka yi wa 195/65 R15 irin wannan lissafi za ka sami milimita 634.5, wato ƙarin milimita 51, kusan kashi 9 cikin 100. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin suna ganin 65 a jikin tayoyin biyu sai su ɗauka tsayin gefensu ɗaya ne, alhali kashi 65 na 195 ya fi kashi 65 na 175.

Ƙa'idar da masu sana'ar taya suke bi ita ce kada tsayin sabuwar taya ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin 100. Dalilin shi ne kamfani ya auna giyar mota da birkinta da malejinta bisa tsayin tayar da ya zaɓa mata. Idan ka ƙara kashi 9, malejinka zai riƙa nuna 100 alhali kana gudun kilomita 109 a awa, kuma lokacin da lissafin tafiya ya nuna ka ci kilomita 5,000 ka riga ka wuce 5,400, ka ga lokacin juyen baƙin mai ya shige ba ka sani ba. Wannan ma ƙarami ne a kan abin da injin zai gani. Yaris ta wannan zamani ƙaramin inji gare ta, yawanci lita 1.0 ko 1.3, kuma doguwar taya mai nauyi tana sa mota ta ji kamar kullum da giya ta gaba take tashi. Za ka ji ta yi nauyi wajen tashi da wajen wuce babbar mota, kuloci zai riƙa wahala, shan mai zai ƙaru a cikin gari, birki kuma zai buƙaci ƙarin ƙarfi kafin ya tsayar da ita. Bayan haka ramin da tayar take zama a ciki ba a yi shi don wannan girma ba. Da zarar ka juya sitiyari har ƙarshe, ko ka ɗauki mutum huɗu da buhun shinkafa ka faɗa rami, tayar za ta gogi jikin motar, kuma gefen taya, inda ya fi ko'ina rauni, shi ne zai sha yankan.

To, me za ka samu a madadin duk wannan? Rabin milimita 51 ɗin nan ne kawai yake ɗaga mota, domin sauran rabin yana sama da tsakiyar taya. Tashin da aka yi maka alkawari bai kai santimita 3 ba.

Idan lallai kana son ƙarin tsayi, akwai girma biyu da za su hau rim 14 ɗin da kake da shi ba tare da ka sayi wani ba. Na farko 185/65 R14, tsayinsa milimita 596, ƙarin kashi 2 da ɗoriya. Na biyu 175/70 R14, tsayinsa kusan milimita 601, wanda ya tsaya daidai bakin kashi 3, kuma shi na fi so wa mai shiga hanyar ƙauye, saboda gefensa ya fi tsayi, yana shanye dukan rami kafin ya kai ga rim. Ko wanne ka sa, ka juya sitiyari hagu da dama har ƙarshe, ka yi 'yar tafiya da kaya, sannan ka leƙa ramin tayar da tocila. Idan ka ga wani wuri yana sheƙi inda ƙura ta goge, to tayar tana taɓawa.

Kafin ka kashe ko sisi a kan taya, ka sa bakanike ya duba sifirin da shokozoba. Motar da ta haura shekara ashirin sau da yawa ƙafafunta ne suka gaji ta zauna, kuma sauya su kan dawo mata da tsayin da ta rasa, wanda zai iya fin abin da babbar taya za ta ba ka.

Game da rim, ko da wata rana ka yi sha'awar sauyawa, ka sani cewa yawan ramukan noti ba shi kaɗai ake dubawa ba. Yaris ɗinka ramuka huɗu gare ta a kan da'ira mai faɗin milimita 100, Peugeot 206 ma ramuka huɗu ne amma a kan milimita 108, don haka rim ɗin ɗaya ba ya hawa ɗaya. Akan sami masu ƙarfin hali da ke faɗaɗa ramukan da zarto har notin ya shiga, kuma wannan wasa da rai ne. Na Golf 3 yawancinsu sun dace da naka a ramukan noti, amma ramin tsakiyarsu milimita 57.1 ne, naka kuwa 54.1, saboda haka sai an sa zoben da zai cike gibin, in ba haka ba sitiyari ya riƙa rawa idan ka ɗauki gudu. Su kuwa manyan rim da siririyar taya da samari ke yayi, kyansu a tsaye ne. Rami guda a hanyar Koko zuwa Yauri ya isa ya lanƙwasa rim ya kumbura gefen taya.

Abu na ƙarshe, bayan lambobin girma za ka ga wata lamba da harafi, misali 82T. Lambar 82 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 475, harafin T kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 190 a awa. Za ka iya sayen wadda ta fi haka, kamar 84 mai ɗaukar kilo 500 ko 86 mai ɗaukar 530, amma kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kamba. Motar da na saya tayoyinta huɗu kowacce da kamfaninta, biyu ma girmansu ba ɗaya ba ne. Kuɗin taya biyu kawai nake da shi a yanzu. In sayi sababbi biyu ne, ko in sayi 'yan Beljiyam huɗu masu zane mai zurfi? Idan biyu ne, gaba zan sa su ko baya?

Amsa: Alhaji, bambancin kamfani abu ne da za a iya haƙuri da shi na ɗan lokaci, amma bambancin girma a tsakanin tayoyi biyu da ke layi ɗaya, hagu da dama, ba a haƙuri da shi. Idan na gaba ne, ɗaya za ta riƙa juyawa fiye da 'yar'uwarta, haƙoran giyar da ke raba musu ƙarfi su yi ta aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya, motar ta riƙa ja gefe guda, musamman idan ka taka birki da ƙarfi. Idan motar tana da na'urar ABS, wadda ke auna juyawar kowace taya, ita ma za ta iya ruɗewa. Don haka matakin farko shi ne ka buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, a nan kamfani ya rubuta girman taya da yawan iskar da ta dace. Duk tayar da ta saɓa wa wannan girma ita ce za ta fara sauka.

Tsakanin sababbi biyu da na gwanjo huɗu, ni sababbi biyu zan zaɓa, kuma ga dalili. Zurfin zane ba ya nuna shekarun taya. Ka duba gefenta inda aka rubuta DOT, a ƙarshen jerin za ka ga lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya ga masani kowace shekara idan ta kai shekara biyar ana aiki da ita, a cire ta idan ta cika goma ko da zanenta yana nan, kuma a zafin Kebbi, inda watan Afrilu kan haura digiri 40, roba tana bushewa tun kafin nan. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma wannan lambar suke dubawa idan sun tsayar da kai. Ka lura ko a sabuwar taya, domin akwai wadda ta shekara da shekaru a jibge a shago.

Akwai wata matsala da ba a cika magana a kanta ba. Da yawa daga cikin tayoyin gwanjo da ke zuwa daga Turai na lokacin sanyi ne. Alamarsu hoton dutse mai kawuna uku da ƙanƙara a tsakiyarsa, kuma zanensu cike yake da ƙananan tsage-tsage. An yi robarsu da laushi don ta kama hanya idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, saboda haka a kan kwalta mai zafi tana cinyewa da sauri, birki kuma ba ya kamawa da wuri. Mai sayarwa zai danna ta da yatsa ya ce maka ka ga laushi ka ga zane, alhali wannan laushin shi ne aibinta a nan. Idan dole ce ta sa ka sayi gwanjo, ka sa a cire ta daga rim ka duba cikinta, ka guji mai faci a gefe, da mai kumburi, da mai tsattsagewa a gindin zane, da wadda aka sassaƙa mata sabon zane da wuƙa. A cikin ramukan zane akwai 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6, idan zane ya zo daidai da su tayar ta gama aiki.

A kan inda za a sa sababbin, na san kusan duk direbobinmu gaba suke sawa, amma manyan kamfanonin taya baya suke cewa a sa, ko da motar da tayoyin gaba take ja. Hujjarsu ita ce idan tayar gaba ta zame a kan ruwa direba yana jin abin a hannunsa, yana iya rage gudu ya gyara, amma idan ta baya ce ta zame motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma ba kowane direba ne zai iya dawo da ita ba. Sharaɗin shi ne biyun da za su koma gaba su kasance lafiyayyu masu girma ɗaya. Ka sa a sauya bawul tare da kowace sabuwar taya, a yi mata balansin, a duba alaimen, sannan ka sake ɗaure notuna bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Sai maganar iska. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 33 suke buƙata a geji, amma masu faci da dama 45 ko 50 suke bugawa, wasu saboda sun ga 44 ko 51 a jikin tayar, wanda kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Iska mai yawa tana cinye tsakiyar taya, ta sa mota tsalle. Iska kaɗan ta fi haɗari, domin gefen taya zai yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har zarensa ya saki, kuma direbobin da ke rage iska da bazara don gudun fashewa su ne ke jawo fashewar da hannunsu. Ka sayi ƙaramin geji naka, ka riƙa aunawa da safe kafin mota ta yi tafiya. Idan ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta hau, kada ka sace iskar, za ta koma daidai idan ta huce.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Argungu. Maigidana ya saya mini Peugeot 206 ta hannu. Wanda ya sayar ya ce an yi mata sabis, babu abin da take buƙata. Bakanike kuma ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye, wai haka ake yi wa motar Turai idan ta zo ƙasar zafi. Me ya kamata in fara yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa a kashe lafiya. Maganar mai sayarwa ba takarda ba ce, haka nan lambar kilomita da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce, tunda akan mayar da ita baya. Ki ɗauka ba a yi wa motar komai ba, ki fara naki lissafin daga yau a cikin ɗan littafi da zai zauna a motar.

A wannan mota abin da ya fi gaggawa shi ne tayimin bel. Injin 206 bel ne yake haɗa juyawar samansa da ta ƙasansa, kuma idan ya tsinke ana cikin tafiya fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, gyaran da zai ninka kuɗin bel ɗin sau da yawa. Sau da yawa ba ya yin ƙara ko wata alama kafin ya tsinke. Ki sa a sauya shi tare da abin da ke ɗaure shi da famfon ruwa, tunda bel ɗin ne ke juya famfon kuma aikin kwancewar ɗaya ne, daga nan kuma kada ki bari ya wuce kilomita 60,000 ko shekara huɗu a irin zafinmu da ƙurarmu. Masu Yaris da Corolla na wannan zamani sun huta da wannan, domin nasu sarƙa ce, masu Golf 3 kuwa yawancinsu halinsu ɗaya da naki.

A rana guda a yi juyen baƙin mai da filtarsa. Ki sayi galan a rufe daga wurin da kika amince da shi, a buɗe a gabanki, kuma a bi kaurin da littafin motar ya faɗa, ba abin da bakanike ya saba zuba wa kowace mota ba. Bayan haka a riƙa yin juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Filtar iska a sauya ta yanzu, a kuma riƙa duba ta akai-akai daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hazo ya sauka. Man birki yana shan danshi daga iska, don haka duk shekara biyu ake zubar da shi a sa sabo. Idan giyar motar mai sauya kanta ce, kada a zuba mata kowane jan mai da aka samu a kanti, sai wanda kamfani ya ƙayyade.

Shawarar bakaniken kuwa kada ki karɓa, duk da cewa ta zama ruwan dare a garejojinmu. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Idan aka cire shi injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara fetur, ga asarar mai ga saurin cinyewar inji. Motar da ke zafi tana da dalili, ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙewa, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci, ko famfo ya gaji, kuma cire tamostat ɓoye ciwon yake yi har ranar da gasket zai ƙone. A wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya inji na galan maimakon ruwan rijiya, wanda ke barin tsatsa da farin ƙasa a cikin bututu. Ki kuma tuna wa bakanike cewa 206 tana da 'yan ƙusoshin fitar da iska a kan hanyar ruwan, idan ba a buɗe su wajen cikawa ba iska za ta maƙale motar ta yi zafi ko da komai sabo ne.

Akwai wani ciwo da aka san 206 da shi. Ki tsaya a bayanta daga ɗan nesa a wuri mai shimfiɗa, ki dubi tayoyin baya. Idan samansu ya karkata ciki, ko kika ga alamar gugar taya a cikin raminta, ko kina jin ƙara daga baya a kan gargada, to borin ɗin ƙafar baya ya cinye. Gyara shi da wuri ya fi sauƙi, domin idan aka bari har ya ci ƙarfen da yake juyawa a kai, sai an nemi ƙafar gaba ɗaya, kuma kafin nan ya gama da gefen tayoyinki na ciki.

Sauran ƙanana ne. Kada ki riƙa barin tanki yana kaiwa ƙasa, domin fetur ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa, kuma ki rage sayen man bumburutu in ba dole ba. Idan fitilar inji tana kunne a sa mata kwamfuta a karanta, kada a cire ƙwan. Maigida kuma ya tabbatar da takardar kwastan, musamman da yake jihar tana bakin iyaka kuma dokar hana shigo da motoci ta iyakokin tudu ta fara aiki tun Janairun 2017, sannan a yi canjin suna, a biya inshora, wadda mafi ƙaranci ta koma naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023.

Tambaya: Daga Zuru nake rubutowa. Safayar motata siririya ce ƙwarai, ba ta kai sauran ba. Na sa ta a gaba mako biyu ke nan, kuma motar tana tafiya lafiya. Zan iya ci gaba da ita?

Amsa: A'a, Malam, ka cire ta. An yi irin wannan safaya ne don ta kai ka wurin mai faci mafi kusa, shi ya sa aka rubuta a jikinta cewa kada a wuce kilomita 80 a awa, kuma iskarta 60 ce a geji, kusan ninkin ta sauran. Zanenta ba shi da zurfi, riƙonta a birki da kwana bai kai na sauran ba, a gaba kuma tana wahalar da giya saboda bambancin girma. Idan kana yin doguwar tafiya irin ta Zuru zuwa Birnin Kebbi, inda za ka yi nisa ba ka ga mai faci ba, ka nemi cikakken rim da taya daidai da sauran huɗun ka ajiye a but, tare da jak da sifanan taya da ka gwada ka tabbatar sun dace da notunan motarka.